Shanun Baffa a Filin Ƙwallonmu

Ni ne malamin wasanni a wata ƙaramar kwaleji da ke bayan garin Dutse, can inda gidaje suke ƙarewa gonaki su fara. Na daɗe a wannan aiki, kuma in gaskiya za a bi, yawancin shekarun nan abin da na yi bai wuce in hura usur in tsaya ina kallo ana zura wa yarana ƙwallo a raga ba. Duk shekara a zagayen farko ake koro mu gida daga gasar kwalejoji. Har malamin lissafi, wanda bai san bambancin bugun kwana da fenariti ba, shi ma sai da ya samu bakin tsokanata. Da na shiga ɗakin malamai sai ya ɗago kai ya ce, “Koci, yau nawa aka ba mu?” Har gobe ina jin haushin mutumin nan, ko da yake tare muke cin abincin rana.

Sai ga shi wata shekara Allah ya haɗa mini 'yan wasa. Ban je na nemo su ba, karatu ne ya kawo su. Akwai mai tsaron gida, dogo, ɗan Fulani irina, wanda ya saba tare maruƙa tun yana ƙarami, ƙwallo ba ta wuce shi da sauƙi. Akwai wani gajere a gaba, mai gudun tsiya da surutun tsiya. Sannan akwai kyaftin ɗinmu, ɗan wani ƙauye a ƙasar Miga, mai tsaron baya, wanda ba ya ɗaga murya, amma idan ya kalli ɗan wasa sai ka ga ya koma wurinsa. Da su muka kai har wasan kusa da na ƙarshe, abin da bai taɓa faruwa da mu ba, aka fitar da mu da ƙwallo ɗaya tak. A motar dawowa kyaftin ya matso kusa da ni ya ce, “Koci, baɗi kofin nan namu ne.” Na yarda da shi, kuma na san ba mu da wata baɗin bayan wannan. Shi da wasu biyar suna shiga ajin ƙarshe, daga kakar nan sai kowa ya kama gabansa.

Ba a yi wata biyu ba takarda ta zo daga masu shirya gasar. Suka ce daga yanzu duk kwalejin da za ta shiga sai tana da fili mai ciyawa, za a turo mai duba filaye kafin a fara, wadda filinta bai yi ba a cire sunanta. Na san da mu ake. Filinmu jigawa ce zalla, a wajen ragar gabas yashi har idon sawu. Ka buga ƙwallo ta yi taku uku ta kwanta. Baƙi sun sha yin ƙorafi, mu kuwa mun saba. Na kai wa shugaban kwaleji takardar, ya karanta, ya cire tabarau, ya ce babu tanadin ciyawa a bana, in je in yi dabara. Na ce, “Ranka ya daɗe, wace irin dabara?” Ya ce ai ni ne malamin wasanni.

A ruga na tashi kafin boko ta ɗauke ni. Tun ina yaro nake ganin manoma suna zuwa wurin baffana, ƙanin mahaifina, da rani, suna roƙonsa ya kai shanunsa su kwana a gonakinsu. Duk inda shanu suka kwana, idan damina ta faɗi sai gero ya fito kore shar, tun daga nesa za ka gane wurin. Ina cikin juya maganar fili sai wannan ta faɗo mini, na ga ai na gama. Ƙasar da ta ƙi ciyawa taki take so, taki kuwa a gidanmu yake. Na hau babur na nufi wurin Baffa, lokacin yana zaune da shanunsa bai fi tafiyar yini ɗaya daga kwalejin ba.

Bayan mun gaisa, na sha nono, na kawo maganata. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, “Me za ka shuka a wurin?”

Na ce, “Ba komai, Baffa. Ciyawa nake so ta fito.”

Ya yi dariya har da buga sanda a ƙasa. Ya ce, “Tun da nake, duk wanda ya roƙe ni taki ciyawa yake gudu. Yau ga ɗana ya yi boko ya zo nemanta. To, za ka samu.”

Ya kawo shanun kuwa. Sati uku suna kwana a filin, yana matsar da su daga wannan raga zuwa waccan yadda ake yi a gona, kowane ɓangare ya samu rabonsa. Ɗalibai suka yi ta ɗaukar hotuna da waya, malamin lissafi ya ce ashe na sayo sababbin 'yan wasa. Ban kula shi ba. Da shanu suka tashi fili ya yi baƙi da taki, aka ba da dogon hutu, ruwa ya sauka, ni kuma na koma gidana a Limawa na miƙe ƙafa. Maigadin kwaleji ya bugo mini waya ya ce fili ya yi kore, bai taɓa ganinsa haka ba. Na ce masa madalla, kada ya bar ko akuya ta shiga. Sati shida cur ban taka wurin ba. A majalisar unguwa kuwa ba wanda bai ji labarin dabarata ba, har da waɗanda ba su tambaya ba.

Ranar da na je, da sabuwar ƙwallo na je. Tun daga bakin ƙofa na hango korensa, na ji daɗin da ban taɓa ji ba a aikin nan. Na ajiye babur, na buga ƙwallon sama da dukan ƙarfina, na bi ta da gudu kamar yaro. Taku goma na yi na tsaya. Wandona daga gwiwa zuwa ƙasa ƙarangiya ce, ta manne ba masaka tsinke. Na ɗaga ƙafa na ga ƙasan silifas ɗina cike da tsidau. Na duba dama, na duba hagu, ga kashin yawo nan ya yi reshe yana jin daɗinsa. Da na isa inda ƙwallon ta faɗa na ɗauke ta, sai na ji tana fitar da iska a hannuna.

Ban koma gida ba. Daga nan na zarce wurin Baffa raina a ɓace, ko ƙarangiyar ban tsaya cirewa ba don ya gani da idonsa. Gaisuwar ma a tsaitsaye na yi ta, abin da ban taɓa yi masa ba. Na ce, “Baffa, shanunka sun kashe mini fili. Ƙaya ce ta fito daga raga zuwa raga.”

Ya kalli wandon, ya kalle ni. Ya ce, “Zauna tukuna.” Na zauna. Ya ce, “Ƙarangiya a jelar saniya take tafiya, tsidau a kofato. Ko yaron da ya fara kiwo jiya ya san wannan. Manomin da na yi wa taki, ka taɓa ganin ya tafi birni ya kwanta? Da ruwa ya sauka yana bin gonarsa da fartanya, abin da ba ya so ya cire, abin da yake so ya bari. Kai rabin aikin ka gani kana yaro, shi ka ɗauka ka tafi da shi makaranta.”

Kunya ta kama ni sosai, irin wadda take sa mutum ya rasa inda zai sa idonsa, domin duk abin da ya faɗa na san shi, mantawa na yi da gangan saboda ina son abu mai sauƙi. Na ce, “To yanzu yaya zan yi? Saura sati biyar a zo duba filin. Idan bai yi ba an cire mu.”

Ya kalli sama ta wajen gabas. Ya ce ruwa bai tafi ba tukuna, akwai sauran wata guda idan Allah ya so. Ya ce a tuge ƙayar da hannu tun ba ta bushe ta zubar da 'ya'ya duka ba, a ƙone ta a waje. Sannan akwai wata fadama kusa da kwalejin, inda ya riƙa shayar da shanu lokacin da suke kwana a filinmu, bakinta kiri-kiri ne shimfiɗe, ciyawar nan mai yaɗo wadda ko shanu sun tattake ta sai ta sake tashi. A sassaro ta da ƙasarta a dasa. Ya ce, “Ƙasar ta ci taki, za ta kama. Amma aikin mutum ɗaya ba ne. Kana da mutane?”

Mutanena suna gidajen iyayensu, kuma lokacin maimai ne, wato noma na biyu, ba uban da zai saki ɗa mai ƙarfi a irin wannan lokaci saboda ƙwallo. Na bi su ɗaya bayan ɗaya a waya. Ban ɓoye komai ba, na ce ni na yi ɓarnar, ni kaɗai, amma ba zan iya gyara ta ni kaɗai ba. Gajeren nan na gaba ya yi ta dariya har wayar ta katse. Wasu suka ce za su zo. Kyaftin ya ce, “Koci, ina so, amma Baba ba zai bar ni ba. Gonar gero ko rabi ba mu yi ba, kuma ni kaɗai ne babba.”

Washegari na shiga motar Jahun, daga can na hau acaɓa zuwa ƙauyensu. Na samu mahaifinsa a gona, dattijo siriri, yana duƙe. Na durƙusa na gaishe shi, na yi bayani. Ya ce, “Malam, ban ƙi taka ba. Amma ka dubi gonar nan. Idan na ba ka shi, ƙwallo ce za ta nome mini ita?”

Ban shirya amsa ba, ita ce ta fito da kanta. Na ce, “Baba, idan na kawo maka samari goma sha biyar jibi suka gama maka maimai, za ka ba ni shi wata guda?”

Ya miƙe tsaye ya dube ni da kyau. Ya ce, “Gayya za ka yi mini?” Na ce gayya. Ya ce, “'Yan bokon naka sun iya riƙe fartanya?” Na ce masa dukansu 'ya'yan manoma ne, in ban da ni da mai tsaron gida, mu kuma za mu koya.

Haka aka yi. Muka sauka a gonar da sassafe, kafin azahar mun kai ƙarshenta, mahaifiyar kyaftin ta aiko da fura a manyan ƙore. Da labari ya bazu sai sauran iyaye ma suka ce su ma haka, ba wanda ya fi wani. Kwana shida muka yi muna zagaya gonaki, daga ƙasar Miga har wani ƙauye a hanyar Kafin Hausa. Hannuna ya yi bororo ya fashe ya sake yi. Yaran da nake yi wa tsawa a fili su ne suka koma suna gyara mini riƙon fartanya, gajeren nan yana bina a baya yana cewa, “Koci, ƙara gudu, an bar ka a baya!” Na haɗiye, domin kalmomina ne yake mayar mini.

Daga nan muka dawo kan namu filin. Muka jeru a layi daga wannan gefe zuwa wancan, kowa da nasa yanki, ana tugewa ana tarawa. Ƙarangiya ba ta da wuyar gani, kashin yawo ma haka. Tsidau ne mugu, yana kwance a ƙasa, kuma 'ya'yansa da yawa sun riga sun zuba cikin yashi. Mai tsaron gida ne ya kawo shawarar a jawo tsofaffin buhunan algarara a kan ƙasa, ƙaya ta manne musu. Muka yi ta ja muna kakkaɓewa a wuta. Bayan buhu sai mu bi da silifas, a taka ko'ina, a juya a tsince abin da ya kama. Ranar farko kowane silifas sai ya cika kafin a yi taku ashirin. Na tuna na tsaya a tsakiyar fili ran nan na ji zuciyata ta karaya, amma ban bari kowa ya gani ba.

A kwana na huɗu gajeren ya jefar da buhu ya ce shi ƙwallo ya zo bugawa, ba noma ba, sati biyu ko taɓa ƙwallo bai yi ba, sauran kwalejoji suna can suna atisaye. Raina ya tashi, na ce ya ɗauki jakarsa ya tafi, ƙofa a buɗe take. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan rubuta ba. Sai kyaftin ya taso. Ya je ya ɗauki buhun da aka jefar ya haɗa da nasa, ya ci gaba da jan biyu. Gajeren ya tsaya yana kallonsa ya kai minti biyar, sannan ya je ya fizge buhunsa yana ƙunƙuni. Da yamma na kira shi gefe na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, amma in sani har yanzu ban iya noma ba.

Kiri-kiri kuwa Baffa da kansa ya riƙa kawo ta a amalanke, sawu biyu a rana, yana zaune a gaba yana yi mana kallon mahaukata. Muka dasa ta layi-layi yadda ake dashen gero. Ruwa ya yi mana kirki sau uku, sannan ya ɗauke. Sauran kwanakin da bokiti muka yi su, daga famfon ɗakin kwanan ɗalibai, safe da yamma. Na lura da wani abu a lokacin: yaran nan sun yi ƙarfin da ban taɓa iya sa su yi da gudun zagaye fili ba. Da muka fara taɓa ƙwallo a bayan azuzuwa, ba wanda yake haki. Na ce a raina, in dai aka bar mu muka shiga gasar nan, kowa zai gane kurensa.

Mai duba filaye ya zo da hantsi, ranar wata Talata. Tsohon alƙalin wasa ne, mai tumbi, da takalmi sau ciki mai kauri. Filin bai yi kyan na talabijin ba. Akwai wuraren da ciyawar ba ta gama haɗewa ba, musamman gaban ragar gabas, amma kore ne, kuma a kwance yake. Ya zagaya, ya auna, ya girgiza turakun raga. Yarana suna tsaye a gefe cikin rigunan wasa, ba mai motsi. Sannan ya dawo ya tsaya gabana, ya rufe alƙalaminsa.

Ya ce, “Malam, ciyawa kam akwai. Amma hotunan shanunka sun iso har ofishinmu, kuma an gaya mini abin da ya fito bayansu. Ni ma ɗan ƙauye ne, na san tsidau. Ba zan sa hannu 'ya'yan mutane su zo su faɗi a kan ƙaya ba.”

Na ce, “Yallaɓai, mun tsince ta.”

Ya ce, “Kowa haka zai ce.”

Ban san lokacin da na sunkuya ba. Na cire takalmi, na cire safa, na naɗe ƙafar wando. Na ce, “Yallaɓai, tsaya nan ka gani.” Na je ragar yamma na fara takowa, ba da sauri ba, ina sauke tafin ƙafa gaba ɗaya don ya ga ba ɗage-ɗage nake yi ba. Ƙafar da ta shekara ashirin a cikin takalmi ba irin ta ruga ba ce, komai tana ji. Na wuce gidan gola, na wuce da'irar tsakiya, ciyawa da sanyinta. Har na fara sakin jiki. Kamar taku goma sha biyu bayan tsakiya, ɗan dama kaɗan, na sauke diddigen hagu a kan tsidau, ya shige har ƙarshe.

Zafin ya tafi har cikin kaina. Na san idan na tsaya, ko na ɗaga ƙafa, ko na yamutsa fuska, shi ke nan, yara shida sun gama ƙwallon kwaleji ba tare da sun buga ta ƙarshe ba, kuma ni ne sanadi. Na sake sauke ƙafar a kan ƙayar. Na sake. Haka na taka har ragar gabas, na dafa turke, na juyo na ɗaga masa hannu ina murmushi. Ban dawo ba, na tsaya can ina yi kamar ina duba raga, don kada ya ga sawuna. Daga nesa na ga ya buɗe alƙalami ya sunkuyar da kai kan takarda. Yara suka ɓarke da ihu.

Sai da motarsa ta fita ƙofa na zauna a ƙasa. Ba na alfahari da abin da na yi. Na ɓoye wa mutumin gaskiya, kuma maganarsa daidai ce: da ɗan wani ne ya zame a wurin, a cinya ko a tafin hannu zai kwashe ta. Yara suka iso da gudu suna murna, suka ga jini, suka kewaye ni. Mai tsaron gida ya durƙusa, ya ciro matsefatar cire ƙaya da yake ratayawa a wuya, ya kama diddigen ya zaro ta. Ya ɗora mini a tafin hannu, 'yar ƙarama, ba ta kai ƙwayar wake ba.

Kyaftin ya dube ta, ya ce, “Koci, a ina ne?”

Na nuna masa wurin. Na ce, “An riga an sa hannu. Ku je ku huta, gobe a fara atisaye.”

Ya ce, “Idan akwai ɗaya, akwai wata.” Ya zauna ya kwance igiyar takalminsa. Sauran suka kalle shi, suka fara kwance nasu, har gajeren, wanda ya ce shi dai Allah ya isa tsakaninsa da shanu. Suka je suka jeru a layin ragar gabas kafaɗa da kafaɗa, ƙafa ba takalmi, suka fuskanci yamma. Saura kwana goma sha biyu a fara gasa. Na yagi gefen safata na ɗaure diddigen, na miƙe, na ɗingisa na shiga ƙarshen layin, kyaftin ya ce a taka.